Fataucin Zare Daga Tarauni

Sana'ata sayar da zare, a Tarauni kuwa na ke zaune, nan bayan badalar Kano. Na sani da yawa cikinku, ku 'yan makaranta, in an ce fatauci sai hankalinku ya tafi ga shanu ko goro. Ba mai tunawa da zare, alhali kuwa ba wanda ya ke fita gida da safe sai da shi a jikinsa.

Zaren da na ke ɗauka iri biyu ne. Akwai na inji, wanda na ke sarowa a kantunan Kwari da rumfunan Kurmi, launi launi, in kai wa masu ɗinkin hula da masu aikin wuyan riga. Wannan ba shi da wani labari, ka biya a ƙirga maka, ka ɗaure kayanka. Na biyun shi ne zaren hannu, watau wanda mace ta kaɗa da mazari. Shi ne ya ke raba ni da gida, don ba kantin da za ka shiga ka ce a auno maka.

Da rani na kan tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi in nufi Minjibir, garin masaƙa. Yawancinsu yanzu da zaren inji su ke wadari, don ba ya yawan tsinkewa, ga araha. Amma akwai dattawa kaɗan da a kan ba aikin gwado ko saƙi irin na dā, su kuwa dole sai na hannu. Su ne su kan ce mini, "Malam, in dai na kanti ne kada ma ka kwance kayanka."

To, ina za a samo? Gwaggona tana aure a wani ƙauye gaba da Minjibir, inda tsofaffin mata su ke taruwa a gidanta bayan sallar lisha su yi kaɗi. Bana na kwana uku a wurinsu. Su bakwai ne, ƙaramarsu ta yi jikoki.

Aikin tun da rana ya ke farawa. A ɗora auduga bisa magurji a murza da ƙarfe har angurya ta fita, kāna a shiɓe ta da baka ta tashi laushi kamar kumfa. Da dare kowace ta zauna da taskirarta, ta dangwali alli don kada yatsa ya yi santsi, ta murza mazari. Gululun nan na yumɓu da ke gindinsa shi ke ba shi nauyin juyawa. Hannun hagu yana ɗagawa sama da auduga, zare yana fitowa, baki kuwa bai fasa hira ba. Wata abawa ta ke yi, mai kauri, wadda a ke naɗawa a kwarkwaro a sa cikin ƙoshiya. Wata kuma arafiya, siririya mai ƙarfi. Cikinsu duka mutum biyu kaɗai su ka iya arafiya ta sosai. Na ce, "Gwaggo, ina 'yammatan gidan?" Ta ce, "Ɗan nan, wacce ta yi hula guda ta karɓi kuɗinta a dunƙule, ita za ka ce ta zauna tana murza tsinke?" Ban ga laifin 'yammatan ba ko kaɗan. Abin da su bakwai ɗin nan su ka kaɗa a darare uku bai isa babbar riga ɗaya ba.

Kada ku raina wannan zama na tsofaffi, don irinsa ne ya ɗaukaka sunan Kano. Sa'ad da Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo birnin a 1851, ya kimanta tufafin Kano da a ke kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, kuɗinsu wuri miliyan 60. Masaƙa da marina su ne a ke gani a fili, amma kowane zare da ke cikin kayan raƙuman nan mace ce ta kaɗa shi a cikin gida. Da kuɗin kaɗin nan ta ke sayen tasoshi da ƙwarya ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta roƙi miji ba.

Har Turawan Ingila sun ɗanɗana ƙarfin mazari. A 1902 su ka kafa ƙungiyar B.C.G.A. don neman auduga ga masaƙunsu na Lankasha, su ka sa rai ƙwarai ga ƙasar Hausa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, a ka fara ɗaukar kaya a 1912. Ashe audugar Kano tana da masu ita. Makaɗa da masaƙa na gida su na biyan kuɗin da ya fi na kamfani, manomi kuwa ba wawa ba ne. Abin da ya cika taragun jirgin sai ya zama gyaɗa. Zaren inji bai ci mazari da yaƙi ba sai a hankali, bayan shekaru masu yawa, da arahar da ba hannun da zai iya gasa da ita.

Ni dai a ganina, mai son a ce rigarsa saƙar hannu ce ya kamata ya biya ladan hannun tun daga tushe. Yanzu mai sayen ya kan yi ciniki da masaƙi, masaƙi ya matse ni, ni kuma in je gaban tsohuwa ina jin kunyar abin da zan taya. Bana na ƙara musu bisa kuɗin bara, na gaya wa masaƙan Minjibir dalili. Biyu sun yarda, ɗaya ya ce zai koma na kanti.

Ragowar zaren na kawo shi marinar Ƙofar Mata. Marinin ya warware sili ɗaya, ya ja shi a tsakanin yatsunsa, ya ce irin wannan ya fi shan baba, amma rabonsa da ganin arafiya mai kyau haka an daɗe. Ya tambaye ni shekarun mai kaɗin. Da na faɗa masa, sai ya ce in baɗi zan koma, in sayo masa duk abin da ta tara.