Ƙibar Da Ba Ta Hutu Ba Ce

A wurinmu mu mata, da an ga mace ta ciko ta yi ɓulɓul sai a ce ta samu hutu, maigida ya iya kiwo. To amma 'yar uwa mai karatu, akwai ƙibar da ba ruwanta da hutu, magani ne yake kawo ta. Ita nake so mu ɗan taɓa, domin a jikin ƙanwata da take bi na na gan ta.

Ciwonta shi ne wanda likitoci suke kira baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai fuska biyu. Wani lokaci ya ɗaga mutum sama, ba barci, sai surutu da rabon kaya da jin babu wanda ya kai shi. Wani lokaci kuma ya maka shi ƙasa, ya yi makonni a ɗaki ko wanka ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne suke ɗauke da shi, kin ga ashe ba a kanmu farau ba. Kuma yana da magani a asibitocin ƙwaƙwalwa irin su na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato.

Sai dai fa maganin da nasa halin. Irin su olanzafin da Epilim suna buɗe ciki, mutum ya ci ya ƙoshi, bayan awa guda ya ji kamar bai karya ba. Litiyam kuma ƙishirwa yake sawa, in aka riƙa kashe ta da lemon kwalba ko zoɓo mai siga, jiki sai ya yi ta hauhawa. Ga nauyin jiki da yawan barci. Daga nan ne ciwon siga da hawan jini suke samun ƙofa.

Ƙanwata ta samu sauƙi sosai, amma cikin shekara guda kayanta na lefe ko ɗaya ba ya shigarta. Aka je wani biki, wata daga dangin mijinta ta dube ta a cikin mutane ta ce, "Ke kuwa wance, buhu nawa kike tashi da shi a wata?" Aka kwashe da dariya. Allah Sarki, ba ta ce uffan ba, ta dawo gida ta tusa ƙwayoyinta ƙarƙashin katifa ta daina sha a ɓoye. Ba a rufa wata biyu ba ciwon ya dawo, har sai da aka kwantar da ita, yarinyarta ta dawo hannun Innarmu. Wallahi ita mai maganar ko a jikinta.

Da aka sallamo ta, likita ya ce idan magani ya kawo ƙiba a zo a faɗa masa, yana iya duba ma'aunin ko ya sauya wani, amma yanke shi farat ɗaya shi ne babban haɗari. Ya ce a riƙa auna nauyinta da sigan jininta lokaci-lokaci. Sauran aikin kuwa na gida ne.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne ba a ware mata tukunya ba. Mace mai wannan ciwo dama tana jin an mayar da ita saniyar ware, in kika ajiye mata kwaɗon zogale ke kina gabanta da soyayyiyar taliya, ai kin ƙara mata wani ciwon. Sai Inna ta sauya girkin gidan gaba ɗaya: aka rage mai a miya, malmalar tuwo ta ƙanƙance, ganye ya yawaita, alala ta maye gurbin ƙosai. Fura ana damawa amma ba a zuba siga. Idan yunwar dare ta taso mata, ga gurji ko dafaffen ƙwai, ba burodi da shayi mai kauri ba. Kusa da gadonta kullum akwai ruwan randa a kofi.

Motsa jiki kuma, minti 150 a mako masana suke so, wato kamar rabin awa sau biyar. Ba sai an fita titi ba, mai kulle ma tana da tsakar gida. Bayan sallar asuba muke zagayawa ni da ita muna hira, ranar da ba ta jin magana mu zagaya shiru. Ranar da ta kasa tashi sam, ba na yi mata gori, washegari sai in sake ƙwanƙwasa mata ƙofa. Barci ma muna tsare shi kamar magani, domin kwana biyu na rashin barci yana iya tayar da ciwon, shi ya sa ko bikin wa ake yi ba ta kwana a wurin.

Ina roƙonki, kada ki saya mata shayin rage tumbin nan da ake talla. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ga mai shan litiyam kuwa ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Haka maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, kada ta sha sai an tambaya. Gishiri ma ba a yanke mata shi kwatsam da sunan rage ƙiba. Azumi in ya ƙarato, a je a ga likita tun a Sha'aban a tsara lokutan sha.

Wadda take shan Epilim kuma tana sa ran haihuwa, ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa abin da ke cikin. Kada ta tsayar da kanta, akwai wasu magungunan da za a iya mayar da ita kansu.