Hirar da na rasa a Argungu

Wannan makon labarin wata asara zan ba ku, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinta.

Shekaru na yi ina tattara bayanai don rubuta littafi a kan masuntan Kabi. Da yake wuta ba ta zama a unguwarmu a Birnin Kebbi, sai ƙanena, wanda ya karanci kwamfuta, ya haɗa mini wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi. Allo ɗaya ne tak, bai wuce tafin hannu ba, an fara sayar da irinsa a Ingila a 2012, kuma fawabank na waya ya ishe shi. Ya haɗa mata ƙaramin sikirin da kibod, ya ba ni memori biyu, ya ce, "Yaya, idan ɗaya ya cika ka sa ɗayan, amma ka kashe ta tukuna." Na ce to, ban riƙe ƙarshen maganar ba.

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekara goma ba a yi ba. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Ana gobe za a shiga ruwa na samu wani dattijo masunci a bakin Matan Fada. Kusan awa biyu yana ba ni labarin yadda ake saƙa homa, yadda mutum ke kwanciya a kan gora ya bi ruwa, da yadda ake gane inda giwan ruwa ke ɓuya. Duk na naɗa a waya.

Da safe wayar ta cika, ga shi ina son ɗaukar hoton gasar. Na tura hirar cikin kwamfutar, sikirin ya nuna an gama, na goge ta daga waya. Memorin kwamfutar ma ya kusa cika, kuma abokina yana ƙofa yana cewa za a harba bindiga ba mu isa ba. Sai na sa farce na zare memorin, kwamfutar tana kunne, koren fitilarta tana ƙiftawa.

Da na koma gida memorin ya ƙi tashi. Ƙanena ya kwana a kansa, ya ceto babi shida da na rubuta. Sunan hirar ma ya fito, amma babu komai a ciki. Shi ya bayyana mini dalili. Idan ka tura fayil, kwamfutar ba ta rubuta shi duka a memori nan take. Tana riƙe shi a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ake kira RAM, tana sauke shi a hankali, kuma a tsarin Linux jiran yakan kai daƙiƙa talatin. Wannan ƙiftawar koren fitila alama ce ana kan rubutu. Ban da haka, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya a cikin wannan memorin take zaune. Zare shi tana aiki kamar janye tabarma ne mutum yana zaune a kai.

Na ce zan koma in sake hirar. Korona ta shigo, na yi ta ɗagawa. Da damina na je Argungu, aka ce Baba ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya rage mini shi ne shafi uku da na rubuta da biro daga abin da na iya tunawa.

Ga abin da nake yi yanzu. Memorin da ke cikin ramin kwamfutar, wanda take tashi da shi, ba na taɓa shi sai na kashe ta ta hanyar da aka tanada, na jira koren fitilar ta daina ƙiftawa, na zare wayar wuta. Memorin da na sa ta kafar USB kuwa ana iya canja shi tana kunne, amma sai an danna umarnin fitarwa, kwamfutar ta nuna ta sake shi. Wanda dole sai ya riƙa canja na cikin ramin tana aiki, Raspberry Pi 4 tana iya tashi daga filas, sai memorin ya zama ma'aji kawai, shi ma a fitar da shi da umarni. Wayar Android ma tana da wurin cire memori a saituna, amma mu nawa ne muke bi ta can?

Sannan ba na goge komai daga waya sai na buɗe kwafin na saurare shi, na kuma ajiye wani a wuri na biyu. Idan akwai dattijon da kuke shirin naɗar maganarsa, ku je wannan makon, ku tafi da biro da takarda.