Gardamar Malamai Mata Biyu A Kan Wayar Wata Ɗaliba

Jama'a, wannan abu ya faru ne a makarantarmu a nan Mai Wurno kafin yaƙin 2023, amma har yau muna tuna shi. An kama wata ɗaliba da waya a aji, tana sauraren labarin soyayya irin waɗanda ake rubutawa a ƙasar Hausa ana karantawa a YouTube. 'Ya'yanmu dai da Larabci suka yi karatu, ba su iya Hausar boko ba, to ta kunne labaran ke shigo musu. Mun saurari kaɗan, muka kashe don kunya.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne malamai mata biyu da suka saɓa a kai. Su biyun nan tare suke bin gida-gida suna roƙon iyaye kada a cire yara mata daga makaranta, ba mu taɓa jin kansu ba sai ran nan.

Babbar ta ce batsa ce tsagwaronta, kuma mace ake mayarwa haja a cikinta, ko da kuwa mace ce ta rubuta. A kira uban yarinya.

Ƙaramar ta ce, "Yaya, ban ce abin kirki ba ne. Amma wa za a daka?" Ta tuna mana sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991, wanda da shi aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Husaini a Khartum a 2009 don ta sa wando, a lokacin hukuncinsa har bulala 40. Ta ce a Kano ma an ƙona littattafan soyayya a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, alhali kuwa a irin wannan adabi ne Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama, ta fito da kukan matan da ake zalunta a gidan aure. Babbar ta ce kada a haɗa Balaraba da wannan shara. A nan kam mun ga gaskiyarta.

Mu maza fa? Shiru muka yi muna kurɓar shayi, alhali mun san yara maza na da abin da ya fi wannan muni a wayoyinsu, ba a taɓa kiran uban ko ɗaya ba. Mun kuma san uban yarinyar nan. In ya ji, karatu ya ƙare, sai ɗaurin aure.

Daga ƙarshe uwar aka kira a asirce, babbar malama ta riƙe wayar har ƙarshen zango. Yarinyar ta zauna jarrabawarta. Malaman biyu kuwa sun yi wajen wata guda gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma har aka rufe makaranta kowacce na kan bakanta.