Hotunan Tarkwa Bay

Tarkwa Bay da ke Legas ba a zuwa da mota, sai da jirgin ruwa. Da hutu yayana ya kai ni, ya ara mini wayarsa na yi ta ɗaukar hoto. Na ɗauki mai gasa kifi da shanyar kaya. Amma yaran da ke tsayuwa kan dogon allo suna hawan igiyar ruwa su suka fi burge ni. Sa'o'ina ne fa! Ruwa ya kayar da su, su tashi suna dariya. Wani ya ce in haɗa shi da teku a hoton, wai nan ne gidansu. A 2020 an kori mutane da yawa daga tsibirin, shi ya sa na ɗauke shi har sau uku.