Sarewar da Ba a Yi da Kara Ba

Kowane shirin rediyo yana da takensa, kuma taken shi ne sallamar da shirin ke yi a ƙofar gidan mai saurare. Kafin mai gabatarwa ya buɗe baki, wannan ɗan kiɗa na daƙiƙa ashirin ya riga ya gaya wa mai shayi da mai ɗinki da uwar gida a madafa cewa lokaci ya yi. Taken shirina na safe a nan Damagaram busar sarewa ce, sai dai ba a yi ta da kara ba. Marigayi injiniyan gidanmu ne ya haɗa ta a kwamfuta, da wata ƙaramar sintesaiza ta kyauta, irin manhajar da ake maƙala wa babbar manhajar haɗa kiɗa, wadda ƴan sitidiyo ke kira fulogin.

Da aka matsar da shirin daga ƙarfe bakwai zuwa takwas, sai buƙatar sake taken ta taso, domin a faifan da muke da shi muryata da sarewar a gauraye suke, kuma muryar tana cewa ƙarfe bakwai. Na buɗe asalin aikin marigayi a sabuwar kwamfuta. Komai na nan, ganga da tafi da murya, amma layin sarewa shiru.

Dalili kuwa, fayil ɗin aikin kiɗa ba ya ajiye sautin sintesaiza. Umarni kawai yake ajiyewa, wato MIDI: danna wannan maɓalli, riƙe shi tsawon kaza, saki. Kamar a ce an bar maka kirarin sarki a rubuce, amma maroƙin ya yi tafiya.

Kamfanin Steinberg na Jamus ne ya fito da tsarin VST a 1996, a 1999 kuma ya faɗaɗa shi ta yadda fulogin zai iya zama kayan kiɗa sukutum. Duk abin da aka rubuta a wancan zamani na tsarin bit 32 ne, wanda ba ya iya amfani da ma'ajiyar aiki da ta wuce gigabait 4. Manhajojin yau na bit 64 ne, kuma a Windows manhajar bit 64 ba ta iya ɗaukar fayil ɗin DLL na bit 32 a cikinta. Cubase 9 ta rufe wannan ƙofa a 2016, Ableton Live 10 ta zo a 2018 da bit 64 zalla. Sarewarmu ba ta lalace ba, harshenta ne aka daina ji.

Sati biyu muka yi da wani take na aro. A rana ta uku wata dattijuwa ta bugo waya ana cikin shiri ta ce, “Ɗana, ina sarewar nan? Da ita nake sanin lokacin shan maganina.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, tana nan zuwa in Allah ya so.” Alkawari kuwa kaya ne.

Maganin matsalar tafinta ne. Akwai ƙaramar manhaja mai suna jBridge, wadda ke tada tsohon fulogin a ɗakinsa daban, tana karɓar umarni daga sabuwar manhaja ta miƙa masa, ta karɓo sauti ta maido. Na nemo fayil ɗin DLL a tsohuwar kwamfutar da ke kwance a sito, na kwashe shi tare da ƙananan fayiloli masu ƙarewa da fxp da fxb, inda saitin kowane sauti yake. Na nuna wa jBridge jakar da tsohon yake, na ba ta wata jaka daban ta zuba abin da ta haɗa, sannan na sa manhajar kiɗa ta bincika sabuwar jakar kaɗai. Wanda ke aiki da Reaper ma ba ya buƙatar wannan wahala, da tafintanta take zuwa.

Fuskar sintesaizar ta bayyana ƴar mitsitsiya kamar kwalin ashana, don an zana ta ne saboda allunan da. Na danna, sarewa ta yi kuka. A nan na ga hannun marigayi: ya ɗan sassauta farkon kowace busa, ya zuba ɗan huci a ƙarƙashi, shi ya sa take kamar makiyayi ne ke numfashi a bayan gari.

Amma tafinta ma yana tsufa. Saboda haka a ranar na naɗi sarewar ita kaɗai a fayil ɗin WAV, ba murya ba ganga, sannan na naɗi kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, na ajiye a wuri uku.

Abokan aiki na Maraɗi da Tawa da Agadas, ku duba sitonku. Gidajen rediyonmu cike suke da takuna da tallace-tallacen da ke rataye a wuyan manhajojin da masu su suka daina kula da su. Tun tsohuwar kwamfutar tana tashi, a fitar da kowane layi shi kaɗai, a rubuta sunan fulogin ɗin da na wanda ya haɗa aikin. Aikin yini guda ne.