Abin Da Zabura Ta Koya Mini A Keana

Duk wanda ya san Keana, garin Alago da ke Jihar Nasarawa, ya san gishiri ne arzikinta tun kaka da kakanni. Mata ke tace ƙasa da ruwan gishiri, su ɗora a wuta har ruwan ya ƙone, sa'an nan gishiri ya fito. Masu irin wannan aiki kuwa ba a koya musu haƙuri.

Amma a shekarar 2018, sa'ad da rikicin manoma da makiyaya ya kori mutane masu yawa daga ƙauyukan ƙasar Keana, haƙurin ya nemi ƙarewa. A ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki, tambayar da aka yi ta maimaitawa ita ce, shin mai yi wa Allah kuka ya rasa bangaskiya ke nan?

Zabura ce ta ba ni amsa. Cikin waƙoƙinta 150, da yawa kuka ne. Ta uku Dauda ya yi ta sa'ad da yake gudun ɗansa Absalom, watau sarki ya zama ɗan gudun hijira. Ya ambaci yawan maƙiyansa bai ɓoye ba, duk da haka ya sami barci, domin ya san Mai tsaronsa.

Na fahimci cewa wanda ya kai kukansa ga Allah ya riga ya gaskata akwai Mai ji. Don haka, jama'a, kada mu tsawata wa wanda ya rasa gona ko ɗan'uwa domin yana hawaye. Mu zauna tare da shi, mu kai masa abinci.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.