Kiril: ɗan mitsitsin da manyan teku ke jira

Duk wanda ya zauna ajin bayoloji a sakandare ya san zanen sarƙar abinci: ciyawa, fara, kwaɗo, maciji, sai shaho can a sama, da 'yan kibiyoyi a tsakani. Mun zana shi, ku ma kuna zana shi. Da muka shigo jami'a sai aka kawo mana wata sarƙar daga can ƙarshen duniya ta kudu, daga tekun da ya kewaye nahiyar Antatika, inda sarƙar gajera ce ƙwarai, kuma kusan kowa a cikinta abu ɗaya yake ci. Sunan abin kiril.

In kun taɓa ganin busasshen jatan lande da ake dakawa a zuba a miya, to kun ga danginsa. Tsawon babban kiril bai wuce santimita 6 ba, kamar ƙaramin yatsanku. Jikinsa garai-garai ne da ɗigon ja, har ana hango koren abincin da ya ci a cikinsa, kuma yana fitar da ɗan haske a cikin duhu. Sunan daga harshen mutanen Nowe ya fito. Kiril ba ya yawo shi kaɗai. Dandazo suke yi mai tsawon kilomitoci, har ruwan teku ya yi jaja-jaja. Masana sun ƙiyasta cewa in aka ɗora su duka a sikeli za su kai tan miliyan 300 zuwa 500, nauyin da bai yi nisa da na dukkan 'yan Adam ba.

Masu cinsa kuwa manya ne. Akwai shuɗin wel, wanda mutane ke kira kifi alhali dabba ce mai shayarwa, kuma babu dabbar da ta kai shi girma, don yana kaiwa mita 30. Ba shi da haƙori. Yakan buɗe baki ya kwashi ruwa, ya tace shi ta wasu zarurruka masu kama da mataji, ya haɗiye kiril tan da yawa a yini ɗaya. Akwai tsuntsun fengwin, mai tafiya a tsaye kamar ya sa kwat. Akwai wata irin dabbar sil da haƙoranta suka zama kamar rariya, don tace kiril kawai. Kifaye da tsuntsayen teku ma a nan suke kiwo.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ɗan kiril ke ƙetare shekararsa ta farko. Ku tuna lokuta a can akasin namu ne. A watannin Janairu da Fabrairu, muna fama da sanyin hunturu da ƙura, su kuwa lokacin ɗuminsu ke nan, rana ba ta cika faɗuwa ba. A lokacin ne macen kiril ke zuba dubban ƙwai a ruwa. Ƙwan yana nutsewa ɗaruruwan mitoci cikin duhu, ya ƙyanƙyashe a can ƙasa, sannan ɗan ya kama iyo zuwa sama ba tare da ya ci komai ba, sai guzurin da ya fito da shi daga ƙwai. In ya iso sama ya tarar da ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani, ya tsira na ɗan lokaci.

Sai hunturunsu ya shigo, wajen Yuni da Yuli, lokacin da mu muke cikin damina. Rana ta ɓuya, tsirrai su ƙare a fili, saman teku ya daskare. Babban kiril yana da dabara: yakan rage aikin jikinsa, ya ci kitsen da ya tara, har ma ya saɓe ɓawonsa ya koma ƙarami in yunwa ta yi tsanani. Ɗan da aka ƙyanƙyashe bana ba shi da kitsen da zai kai shi. Abin da ke ceton sa shi ne cikin ƙanƙarar nan ta teku. A ƙarƙashinta akwai gansakuka da ƙananan halittu da suka maƙale, akwai kuma 'yan ramuka da lunguna na ɓuya. Nan yake kankarar abinci, nan yake fakewa daga masu farauta. Ƙanƙarar ita ce rumbunsa, ita ce ɗakinsa.

Ɗumamar yanayi ta nan take shiga. Ba ta dafa kiril a ruwa ba; rumbun take taɓawa. In ƙanƙara ta makara wajen daskarewa, ba ta kama gansakuka da yawa a cikinta, domin hasken rana ya riga ya tafi. In ta narke da wuri, ɗakin ya rushe. Yankin nan na Antatika da ya miƙo kamar hannu wajen Kudancin Amurka, inda kiril ya fi taruwa, yana cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Tun 1979 ake auna ƙanƙarar tekun ta tauraron ɗan Adam. A Fabrairun 2023 ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta tun da aka fara awon, kuma a hunturun shekarar ma ba ta dawo yadda ta saba ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanan kusan shekara 90, ya nuna cewa a ɓangaren Atilantika tsakiyar taron kiril ta ja kudu da kimanin kilomita 440, tana bin sanyi. Amma kudu tana da iyaka, don akwai nahiya a gaba.

Masana ba su zama baki ɗaya ba a kan ko yawan kiril ya ragu sosai, saboda ƙidayar abin da ke yawo a teku mai faɗi haka ba wasa ba ce, kuma shekara mai albarka na iya biyo bayan shekarun rashi. Mu dai muna ganin wannan saɓanin dalili ne na taka-tsantsan. Ga kuma iskar kabon da teku ke shanyewa, wadda ke ƙara wa ruwa tsami. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya sun nuna cewa in ta yi yawa ƙwarai, ƙwan kiril ba ya ƙyanƙyashewa da kyau.

Mutum ma ya shiga layin masu ci. Manyan jiragen ruwa, galibi na Nowe da Sin da Koriya ta Kudu, suna zuƙo kiril, a niƙa shi a yi abincin kifin kiwo, ko a tatso mansa a zuba a 'yan ƙwayoyin ƙarin lafiya. Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da halittun tekun, CCAMLR, wadda ta fara aiki a 1982, hedikwatarta a Hobart. Ta ƙayyade tan 620,000 a shekara a yankin da ake kamun. Idan aka gwada da ɗaruruwan miliyoyi, ai ɗan kaɗan ne. Matsalar ita ce wurin da ake kamawa: jiragen na taruwa ne daidai inda fengwin ke nema wa 'ya'yanta abinci, ita kuwa ba ta iya nisa da sheƙarta lokacin reno.

A nan ne muke yawan gardama a tsakaninmu bayan lacca. Wasunmu na cewa kamun bai kai ya kawo ba, hayaƙin masana'antu ne babban mai laifi. Wasunmu na cewa haka ne, amma babu taron da zai umarci ƙanƙara ta daskare a kan lokaci, alhali jirgi ana iya ce masa ya matsa gefe. Hukumar ba ta yanke hukunci sai kowace ƙasa ta yarda. Ajantina da Chile sun daɗe da kawo shawarar a keɓe wani yanki a can, har yanzu ba ta wuce ba. A taron 2024 ƙasashen sun kasa sabunta dokar da ke rarraba kamun zuwa wurare daban-daban, sai ta faɗi. A 2025 jiragen suka cike tan 620,000 ɗin tun a watan Agusta, karo na farko, aka rufe kamun kafin lokacinsa.